Shin inhela na sa yaro ya saba da ita?

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 9 yana fama da asma, musamman da damina da kuma in an kunna janareta a gidanmu na haya a Agege. An rubuta masa Ventolin na shaƙa, amma surukata ta ce wanda ya fara inhela ba ya rabuwa da ita har abada, gara ƙwaya daga kemis. Hankalina ya tashi. Wanne ne gaskiya?

Amsa: Malama, ki kwantar da hankalinki, ki ci gaba da ba shi inhelar. Wannan magana ta "sabo" ta jefa yara da yawa a Legas cikin wahalar da ba dole ba, kuma wasu masu kemis ne ke iza wutarta don ƙwaya ta fi saurin fita a shago.

Duba lissafin. Feshi ɗaya na salbutamol, wato maganin da ke cikin Ventolin, maikurogiram 100 ne, kai tsaye yake shiga huhu, cikin minti biyar ya buɗe hanyoyin iska. Ƙwaya mai miligiram 4 kuwa ta ninka shi sau 40, sai ta bi ciki da jini, ta ɗauki kusan rabin awa, sannan ta bar yaro da rawar hannu da bugun zuciya. Wanda ke haki da tsakar dare ba shi da rabin awa. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne a ƙulla wa uwa ƙwayoyi a farar leda, a cusa dexamethasone, wani maganin kumburi mai ƙarfi, a ciki ba tare da an gaya mata ba. Yaro ya kumbura fuska, a ce ya yi ƙiba, alhali girmansa da ƙashinsa ake ci.

Inhela ba ta jawo sabo. Yaron da ke yawan nemanta ciwonsa ne ba a kama ba. Shuɗiyar inhelar, wato Ventolin, tana sassauta hanyar iska ne kawai, ba ta taɓa kumburin da ke cikinta. In yana buƙatarta fiye da sau biyu a mako, ko tari na tashinsa da dare, ki koma wurin likita a ƙara masa ta rigakafi, irin su beclomethasone ko budesonide, ta kullum, ya kurkure baki bayan ya shaƙa.

Ki samo masa sifesa, robar da ake haɗawa da bakin inhela. A girgiza, feshi ɗaya a ciki, ya ja numfashi a hankali sau biyar, sannan na gaba. Ki duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki.

In ciwon ya taso, ki zaunar da shi, feshi 4 zuwa 10, a maimaita bayan minti 20. In ya kasa ƙarasa magana, haƙarƙarinsa na lotsawa, ko leɓɓansa sun sauya launi, ki nufi asibiti mafi kusa nan take, kina ci gaba da ba shi a hanya, don cunkoson Legas ba ya jiran kowa.