Amsa ga mai tambaya a kan macijin Aljanna da labaran Bani Isra'ila

Wa alaikumus salam, Malama. Kin ce kin ji a tafsirin azumi cewa maciji ne ya ɗauki Iblis ya shigar da shi Aljanna, abokiyar aikinki Kirista ta ce ai macijin nan a littafinsu yake, kin duba Alƙur'ani kuma ba ki ga maciji ba. Shi ne kike tambaya ko sahabbai sun karanta Baibul ne.

Gajeriyar amsa: yawancinsu ba su karanta ba, ji suka yi. Lokacin Manzon Allah (SAW) ba a san da cikakkiyar fassarar Attaura ko Linjila da Larabci a hannun jama'a ba. Yahudawa na karatu da Ibrananci da Aramiyanci, Kiristocin yankin da Suryananci ko Girkanci ko harshen Habasha. Tsofaffin fassarorin Larabci da suka iso mana sun zo ne bayan Musulunci. Akwai wani kwafi a gidan ruhubanawa na Dutsen Sina'i mai ɗauke da tarihin 867 miladiyya, sannan malamin Yahudawa Sa'adiya Gawon, wanda ya rasu a 942, ya fassara Attaura. Kin ga an yi nisa da zamanin sahabbai.

Amma mutanen suna nan, kasuwa ɗaya ake ci. A Madina ga ƙabilun Yahudawa, Banu Ƙainuƙa'a da Banun Nadir da Banu Ƙuraiza, ga Haibara, ga Kiristocin Najran, ga Waraƙa ɗan Naufal a Makka, ga waɗanda suka yi hijira Habasha suka zauna shekaru a ƙasar Najjashi. Buhari ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa Ma'abota Littafi kan karanta Attaura da Ibrananci su fassara wa Musulmi da Larabci, sai Annabi (SAW) ya ce kada ku gaskata su, kada ku ƙaryata su. Ki lura da yanayin: mutum ɗaya na riƙe da littafin, shi ke karantawa, shi ke fassarawa, mai sauraro ba shi da hanyar tantance inda nassi ya ƙare, inda sharhin malamansu ya fara.

Wannan shi ne ya bayyana min abin da ya daɗe yana ɗaure min kai. A zaure na yi Jalalaini, baƙi da fassara, kuma kamar kowa na taso da ƙissoshin annabawa a kunnena. Da na girma na zauna maƙwabtaka da wani dattijo Kirista mutumin kudancin Kaduna, ya ara min Littafi Mai Tsarki na Hausa, na riƙa ajiye shi gefe ɗaya, tafsirin Ɗabari gefe ɗaya. A littafin Farawa sura ta 3 na sami macijin, ga shi yana magana da matar, ga la'anar da aka yi masa cewa da ciki zai yi tafiya. Amma babu Iblis a cikinsa, babu ƙofar Aljanna da masu tsaro. A Ɗabari kuwa, ta hanyar Wahbu ɗan Munabbih, macijin ƙafa huɗu gare shi kamar raƙumi, Iblis ya shige cikinsa ya wuce. Siffar raƙumin da yanke ƙafafun suna cikin sharhin malaman Yahudawa da ake kira Midrash. Wato abin da ya iso gare mu haɗin gambiza ne, ɗan nassi, ɗan sharhi, ɗan tatsuniyar gari, duk an damƙa mana da sunan "yana cikin Attaura".

Mutanen da aka fi samun wannan kaya ta hannunsu sanannu ne. Abdullahi ɗan Salam (RA) malamin Yahudawan Madina ne da ya musulunta, sahabi ne, ya rasu shekara ta 43 bayan hijira. Ka'abul Ahbar Bayahuden Himyar ne daga Yaman, bai ga Annabi (SAW) ba, ya musulunta bayan wafatinsa, ya zauna Madina zamanin Umar (RA), ya ƙare a Hims ta Sham. Wahbu kuma tabi'i ne mutumin San'a'a, asalin gidansu Farisa, ya rasu wajen 110 ko 114. Sai Abdullahi ɗan Amr ɗan Aas (RA), wanda Ibn Taimiyya da Ibn Kasir suka ambata cewa ya samu kayan raƙumi biyu na littattafan Ma'abota Littafi ranar yaƙin Yarmuk. Shi ne kuma ya ruwaito hadisin nan na Buhari: ku ba da labari daga Bani Isra'ila, babu laifi.

Me ya sa ma ake tambayarsu? Saboda Alƙur'ani ba ya bin ƙissa daki-daki. Yakan ɗauki wurin darasi ya bar sauran. Ya ce 'ya'yan Adamu biyu, bai faɗi sunansu ba. Ya ce wanda ya yi jayayya da Ibrahim game da Ubangijinsa, bai ce Namarudu ba. Ya ce wata mace tana mulkinsu, bai ce Bilkisu ba. Ɗan Adam kuwa da son jin ƙwaƙwaf: wace itaciya ce aka ci, tsawon jirgin Nuhu kamu nawa, ya sunan karen Ashabul Kahfi. Ibn Haldun ya faɗi abin a fili a Muƙaddimarsa, cewa Larabawa ba ma'abota karatu ba ne a lokacin, in sun so sanin farkon halitta sai su tambayi Ma'abota Littafi, su kuma waɗanda ke kusa da su ɗin mutanen ƙauye ne irinsu, abin da gama-gari suka sani shi suka sani.

Daga nan sai masu ƙissa a masallatai suka karɓa. An ce Tamimud Dari (RA), wanda Kirista ne kafin ya musulunta, shi ya fara neman izinin Umar ya tsaya ya yi wa mutane wa'azi da ƙissa. Nasa da sauƙi. Waɗanda suka biyo baya zamanin Umayyawa su ne suka gane cewa labarin da ya fi ban mamaki shi ya fi tara jama'a. Ki ɗauki Uju ɗan Unuƙu. A Attaura sarkin Bashan ne mai suna Og, abin da aka ce kawai ƙato ne, gadonsa na ƙarfe kamu tara. Kafin ya iso littattafan ƙissa ya zama mutumin da ruwan ɗufana bai kai masa gwiwa ba, yana kamo kifi a teku ya gasa da rana. Na sha jin wannan a bakin masu wa'azin kasuwa, jama'a na ta kabbara. Ibn Kasir ya ce ƙarya ce tsagwaronta.

Kada ki ɗauka magabata barci suke yi. Ibn Abbas (RA), a Buhari, yana faɗa: ta yaya kuke tambayar Ma'abota Littafi alhali littafinku ne mafi sabunta daga Allah? Mu'awiya (RA) ya ce Ka'ab yana cikin mafi gaskiyar masu ba da irin wannan labari, duk da haka suna samun abin da ba daidai ba a zancensa. Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na Busru ɗan Sa'id, da Imam Muslim ya kawo a littafinsa Tamyiz. Ya ce sukan zauna da Abu Huraira, ya ba su hadisin Annabi (SAW), ya kuma ba su zancen Ka'ab, da ya tashi sai ka ji wani a cikinsu ya mai da na Ka'ab na Annabi, na Annabi na Ka'ab. Babu wanda ya yi niyyar ƙarya, majalisi ne kawai da kunnen mutane. Duk wanda ya taɓa tashi daga wurin karatu ya ji yadda ɗalibai ke maimaita abin da malam ya faɗa a hanya, ya san yadda hakan ke faruwa.

Karanta nassin kansa ya zo daga baya. Ibn Ƙutaiba, wanda ya rasu a 276 bayan hijira, yana kawo farkon Attaura kusan kalma da kalma, har yakan nuna inda Wahbu ya saɓa wa abin da ke rubuce. Can a ƙarni na tara na hijira Biƙa'i ya riƙa cirowa kai tsaye daga Attaura da Linjila a tafsirinsa, malaman Alƙahira irin su Sahawi suka taso masa.

Rabon da Ibn Taimiyya ya yi wa waɗannan labarai kashi uku, Ibn Kasir ya bi shi, shi ake karantarwa yau: abin da ya dace da namu, abin da ya saɓa, da wanda aka yi shiru a kai, a faɗe shi ba a gina aƙida ko hukunci a kansa. A ganina matsalarmu tana wurin na ukun, domin mai tafsiri ba ya cewa "wannan daga Ka'ab ne", jan baƙi kawai ake yi ya zuba, mai sauraro ya tashi da cewa Alƙur'ani ne ya faɗa. Na biyun ma yakan sulale. Ƙissar Annabi Dawuda (AS) da matar sojansa tana cikin littafin Sama'ila na biyu sura ta 11, wani yankinta kuma ya shigo Jalalaini a Suratu Saad. Malamin da na yi karatu a wajensa in ya zo wurin sai ya ce mu wuce, wannan ba ya dacewa da annabi, bai taɓa gaya mana daga ina ya fito ba. Sunayen Habila da Ƙabila da Bilkisu kuwa babu wanda suka cutar, ga su har a gidajenmu.

Abokiyar aikinki ta yi gaskiya, macijin yana littafinsu. Ke ma kin yi gaskiya, ba ya cikin Alƙur'ani, inda aka ce Shaiɗan ya yi musu waswasi. Shigar Iblis cikin macijin kuwa ba za ta same shi a Farawa ba. In kina da Ɗabari, buɗe tafsirin Baƙara aya ta 36, ki bi isnadin ruwayar, za ki ga sunan Wahbu a ƙarshensa.