Lambatun da ke zubar da ƙarfin fadama a rafi

Tambaya: Malam, ina da fadama mai baƙar ƙasa wadda ruwa ke kwanciya a cikinta har bayan kaka. Bara na haƙa lambatu mai zurfi na kai shi rafi. Gonar ta tsane, amma ruwan rafin ya koma kamar shayi, gansakuka ta rufe shi, masunta kuma suna ta ƙorafi. Laifina ne?

Amsa: Da hannunka a ciki, ɗan'uwa. Baƙar ƙasar nan ruɓaɓɓen ganye da ciyawa ne da suka taru shekara da shekaru, kuma ruwan da ke kwance ne ya hana su ƙarasa ruɓewa. Da ka janye shi, iska ta shiga, ƙasar ta fara sakin sinadaran naitirojin da fosfaros, wato irin waɗanda kake saye da tsada a buhun kamfa. Su ne abincin gansakuka. Idan ta mutu ta ruɓe, sai ta shanye iskar da ke cikin ruwa, ka ga kifi na tasowa sama da asuba yana buɗe baki.

Mutanen ƙasar Finlan da ke arewacin Turai sun riga ka shiga wannan. Sun yanka magudanai a dausayinsu har kusan hekta miliyan 5 don itacen katako ya girma, galibi a shekarun 1960 da 1970. Katako ya samu, amma har yau magudanan suna ɗurar laka da sinadarai zuwa tafkuna da tekun Baltik. Yanzu kuɗi suke kashewa suna toshe wasunsu. Baƙar ƙasarsu ta fi taka kauri nesa ba kusa ba, sai dai ciwon iri ɗaya ne.

Ba na ce ka cike lambatun duka ba. Rage zurfinsa, ya tsaya iya inda saiwar amfaninka take kaiwa. Kafin bakin rafi, haƙa rami mai faɗi inda ruwa zai huta laka ta kwanta. Da rani ka kwashe ta ka mayar gona, taki ce. Daga ramin zuwa rafi bar ciyawa, ko ka dasa jema, kada garma ta taɓa wurin.

Tambaya: To yuriya fa, in daina zubawa?

Amsa: A'a. Raba ta kashi biyu ko uku, ka binne ta, kada ka watsa idan hadari ya haɗu. In shinkafa ce, toshe bakin fangali kafin ka zuba, ka bar shi a rufe na 'yan kwanaki.