Amsa ga mai tambayar faifai mai na'ura a wasan jifan faifai cikin kwando

Ɗan'uwa, ka ce jifanka ya tsaya a mita 80 kusan shekara guda, kana tambaya ko sayen faifai mai na'ura zai fitar da kai. To, ni ma na taɓa tsayawa a nan.

A Finlan na koyi wasan, inda kusan kowane gari ke da filinsa da kwandunan sarƙa. Da hunturu ya shigo ƙanƙara ta rufe fili, sai muka koma ɗaki muna jifa cikin raga da TechDisc, wato irin wannan faifai mai na'ura. Na'urar tana manne a tsakiyar faifan, tana aika wa waya saurinsa, yawan juyinsa a minti, karkatarsa, rawar da yake yi, da inda hancinsa, wato gabansa, ya dosa lokacin da ya bar hannu.

Ni da na ɗauka ƙarfi ne ba ni da shi. Ashe hanci ne. Duk jifan da na yi, gaban faifan a ɗage yake fita, digiri 5 ko 6. Faifan da ya fita haka iska ce ke dukan cikinsa, sai ya hau sama, ya rage gudu, ya faɗo gefe kamar tsuntsun da aka harba. Shekara biyu abokan wasa na faɗa mini, ina musu, don a hannuna ji nake a miƙe yake fita. Sai da na ga lamba na yi shiru. Na gyara riƙo, na sunkuyar da wuyan hannu kamar mai tsiyaya shayi daga buta, hancin ya sauko kusa da sifili. Saurin bai ƙaru ba ko kaɗan, amma da bazara na ga ƙarin nisa a fili.

Sai dai na'urar abin da ya faru kawai take faɗa, ba ta faɗin dalili. Ƙafarka ce ko kafaɗa, ba ta sani ba. Ka jingine waya ka ɗauki kanka bidiyo daga gefe, ka haɗa da lambobin. Nisan da take nunawa kuma lissafi ne, babu iska a ciki.

Kuma ka kiyayi bin lambar sauri, wallahi tana da jaraba. Na yi jifa kusan 100 a dare ɗaya, gwiwar hannuna ta hana ni wasa mako uku.

Kuɗinta ba kaɗan ba ne. In akwai mai ita a ƙungiyarku, ara ka yi jifa 20 tukuna, ka turo mana lambar hancin mu gani.