Kwikwiyona yana ɓata tsakar gida kuma ya ƙi bin igiya, yaya zan yi da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ina zaune a Garwa. Na karɓo kwikwiyo ɗan sati 9 don ya girma ya riƙa yi mana gadi, saboda muna da awaki a gida. Damuwata biyu ce. Yana fitsari da kashi duk inda ya ga dama a tsakar gida, har kusa da inda muke alwala, uwargida kuwa ta ce ko dai a san yadda za a yi da shi ko a mayar da shi inda aka ɗauko shi. Ta biyu, da na ɗaura masa igiya sai ya kwanta yana ihu, ko ya yi ta tirjiya. Wani maƙwabcina ya ce in riƙa goga masa hanci a kashin, in ɗan tsula masa bulala. Haka ake yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. A'a, ba haka ake yi ba. Kwikwiyo ba ya haɗa hukuncin da aka yi masa yanzu da abin da ya aikata minti goma da suka wuce. Abin da yake koya daga duka shi ne cewa tsuguno a gaban mutum haɗari ne, sai ya koma yin abinsa a ɓoye, bayan randa ko ƙarƙashin rumbu, ranar da ka kai shi inda kake so ya yi kuma ya ƙi yi saboda kana tsaye. Ka ga aiki ya koma baya.

Damuwar taka biyu magani ɗaya gare su, domin igiyar da yake ƙi ita ce za ta koya masa wurin bayan gida. Amma bari mu fara da jikinsa.

Mafitsarar ɗan sati 9 ƙarama ce, kuma bai gama iya riƙe ta ba. Ƙiyasin da ake aiki da shi shi ne awa ɗaya ga kowane wata na shekarunsa: ɗan wata 2 yana iya riƙewa kamar awa 2, ɗan wata 4 kamar awa 4. In yana wasa ba ya kai haka, in yana barci yakan ɗan zarce. A watannin zafi na Garwa, daga Maris zuwa Mayu, yana shan ruwa da yawa, don haka fitsarin ma sai ya ƙaru. Za ka ji ana cewa a ɗauke wa kwikwiyo ruwa da dare don kada ya yi fitsari. Wannan shawarar ƙasashen sanyi ce. A inda zafi ke wuce digiri 40, ƙaramin kwikwiyo yana saurin bushewa, ka bar masa ruwansa dare da rana.

Akwai wani abu da gidajenmu suka bambanta da na waɗanda suka rubuta yawancin littattafan horon kare. Su suna koya wa kare bambanci tsakanin cikin ɗaki da waje. Mu kuwa karenmu a tsakar gida yake, kuma sau da yawa duk filin ƙasa ce iri ɗaya tun daga zaure har bayan ɗakuna. A idon kwikwiyo ko'ina makewayi ne. Saboda haka sai ka ware masa wuri guda wanda ƙafarsa da hancinsa za su gane. Zaɓi lungu nesa da madafi, da rijiya, da wurin alwala, da inda yara ke wasa. Faɗin mita 1 da tsawon mita 2 ya isa. Ka zagaye shi da bulo ko duwatsu, ka zuba yashin rafi mai kauri kamar tsawon yatsa. A kwanakin farko ka ɗebo ɗan ƙasar da ya yi wa fitsari ka zuba a ciki, warin ne zai gaya masa amfanin wurin. Karnuka suna shaƙuwa da irin ƙasar da suka saba tsuguno a kai tun suna ƙanana, shi ya sa yashin yake da amfani.

Daga nan sai lokaci. Akwai lokuta huɗu da kusan tabbas zai yi: da ya farka daga barci, bayan ya ci abinci da minti 10 zuwa 20, bayan ya sha ruwa sosai, da kuma tsakiyar wasa ko ƙarshensa. A kowannensu a kai shi lungun nan take, ban da haka kuma a kai shi duk bayan awa 1 zuwa 2 da rana. Lokutan salla suna taimakawa wajen tunawa: kafin ka fita asuba, da hantsi, bayan azahar, bayan la'asar, bayan magariba, sai na ƙarshe kafin ka kwanta. Tsakanin waɗannan yara ko uwargida su cike gurbi. Da dare sai an tashi sau ɗaya ko biyu a makonnin farko, babu makawa.

In ka kai shi, ka tsaya wuri ɗaya, kada ka yi masa wasa, kada ka yi ta surutu. Ka ba shi minti 5. Da ya tsuguna ka faɗi kalma ɗaya a hankali, misali “yi”, kuma kowa a gidan ya riƙe wannan kalmar. Da ya gama, cikin daƙiƙa 2 ko 3, ka yaba masa da murya mai daɗi ka ba shi lada a nan wurin. Nan ne mutane da yawa ke kuskure: sai sun dawo bakin ɗaki su ba shi, shi kuwa sai ya ɗauka ladan dawowa ne. In minti 5 ya cika bai yi ba, ka mayar da shi makwancinsa, ka sake gwadawa bayan minti 15. Kada ka sake shi ya yi yawo da cikakkiyar mafitsara.

Ladan ya zama ɗan guntun dafaffen nama ko hanta, girman ƙwayar wake. Ban da kilishi da tsire, saboda yaji da albasa da tafarnuwa. Albasa tana lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare.

Makwancin nan shi ne rabin aikin. Kwikwiyo ba ya son ɓata inda yake kwana, matuƙar wurin bai yi faɗin da zai kwanta a gefe ɗaya ya yi kashi a ɗaya gefen ba. Ka yi masa ɗan keji na katako da waya, wanda zai iya tsayawa, ya juya, ya miƙe a ciki, ka ajiye shi a inuwa mai iska. Kada ka sa shi ƙarƙashin kwanon rufi maras silin, zafi zai iya kashe shi cikin sa'o'i. Duk lokacin da babu mai sa masa ido, yana ciki. Duk lokacin da yake waje, akwai mai kallonsa. Amma fa keji ba kurkuku ba ne: in aka bar shi fiye da abin da mafitsararsa za ta ɗauka, dole ya yi a ciki, kuma in ya saba kwana cikin ƙazantarsa, gyaran yana da wuya ƙwarai.

Mai sa idon ya san alamu: shinshinar ƙasa da sauri, zagaye wuri ɗaya, barin wasa ba zato ya nufi lungu. In ka kama shi yana cikin yi, ka tafa hannu sau ɗaya ba da tsawa ba, ka ɗauke shi zuwa yashinsa, in ya ƙarasa a can ka ba shi lada. In kuwa sai daga baya ka gani, ka share kawai. A ƙasa, ka kwashe wurin da shebur har zurfin da ya jiƙe, ka cike da sabuwar ƙasa. A siminti, ka wanke da ruwa da omo, ka bi da ruwan khal da aka haɗa da ruwa rabi da rabi. In za ka sa ruwan jabel, wato bilicin wanki, sai bayan ka ɗauraye fitsarin sarai, domin haɗuwarsu tana ta da hayaƙi mai cutar da ido da ƙirji. Hancin kare yana jin abin da naka ba ya ji, in wari ya rage zai koma wurin.

Abinci ma yana da hannu a ciki. Kwikwiyon da ake jefa wa ragowar tuwo ko wane lokaci, kashinsa ba shi da lokaci. Ka ba shi sau 4 a rana har ya cika wata 3, sau 3 har wata 6, daga nan sau 2. Ka ajiye kwanon minti 15 ka ɗauke. Madarar shanu da miya mai barkono suna sa shi zawo, mai zawo kuwa ba ya horuwa. Kashin da ke lungun a kwashe shi kullum a binne ko a zuba a masai, saboda ƙwan tsutsar cikin kare yana nuna a ƙasa cikin 'yan makonni ya kama yaran da ke wasa da ƙasa. Shi ya sa ake ba kwikwiyo maganin tsutsa duk sati 2 har ya kai sati 12, sannan duk wata har wata 6.

Yanzu igiya. Kwanciyar da yake yi ba taurin kai ba ne. Dabba in ta ji an ja wuyanta, jikinta da kansa yake ja baya, ka san haka daga akuyar da ake kaiwa kasuwa. Don haka ba a fara wa da ja. Kwana 2 ko 3 na farko abin wuya kaɗai za ka sa masa, mai laushi, na ƙyalle ko fata, ka sa shi daidai lokacin cin abinci don hankalinsa ya tafi kan kwano. Yatsunka biyu su shiga tsakanin abin wuyan da fatarsa. Ka duba wannan duk sati, domin yana girma da sauri, kuma ana yawan kawo karnukan da igiyar leda ko waya ta nutse musu cikin naman wuya. Sarƙar da ke shaƙewa in an ja ba ta kwikwiyo ba ce. In ka samu ɗamarar da ake sa wa a ƙirji, ta fi, musamman ga mai yawan fizga.

Bayan ya manta da abin wuyan, ka maƙala igiya maras nauyi mai tsawon mita 1.5 zuwa 2, ka bar shi ya ja ta a ƙasa na minti 5, kana kallo kada ta sarƙe. Kwana biyu haka. Sannan ka ɗauki bakin igiyar ka bi shi duk inda ya nufa, tana sako-sako. Sai a mataki na gaba ne za ka fara jagora: ka riƙe lada a hannun da ke gefensa, daidai gwiwarka, ka kira sunansa, ka yi taku 2, in ya biyo ka ba shi. Gobe taku 5, jibi 10. Zaɓi gefe ɗaya ka tsaya a kai. Tafiyarsa ta farko mai ma'ana ita ce daga keji zuwa yashi, sau da yawa a rana, kuma a ƙarshenta akwai lada. Da haka igiya ke zama abin murna a wurinsa, kai kuma ka samu abin da zai hana shi sulalewa ya tsuguna a hanya.

In ya kwanta ya ƙi tashi, ka sassauta igiyar, ka durƙusa nesa da shi kaɗan, ka kira shi. In ya fara ja gaba, wanda zai zo nan da 'yan makonni, ka tsaya cak. Kada ka fizge shi, kada ka bi shi. Da igiyar ta yi sako-sako ka ci gaba. Tafiyar mita 20 tana iya cin minti 10 a farko, ka yi haƙuri da ita. In kai kana tsayawa amma yara suna barinsa ya ja su da gudu, to ja zai koya. Darasi kada ya wuce minti 5, sau 2 ko 3 a rana.

Kada ka fitar da shi titi da ƙafarsa tukuna. Cutar fabo, mai sa amai da zawon jini, tana zama a ƙasa watanni, kuma tana kashe ƙananan karnuka da yawa. Allurar farko ana yin ta a sati 6 zuwa 8, a maimaita duk sati 3 zuwa 4 har ya kai sati 16, ta haukan kare kuma a wata 3. Tunda naka ya kai sati 9, in ba a fara ba ka kai shi wurin likitan dabbobi ko ofishin ma'aikatar kiwo, wato MINEPIA, cikin wannan makon, ka karɓi katin rigakafi ka adana. Haukan kare yana nan a yankinmu, shi ya sa aka yi gangamin yi wa karnukan Injamena allura a 2012 da 2013. Kafin allurar ta cika, ka riƙa ɗaukarsa a hannu zuwa ƙofar gida ya ga babura, da shanu, da mutane iri-iri, domin abin da bai saba da shi ba kafin wajen sati 14 yakan zama abin tsoro daga baya. Awakinka ma ya saba da su yanzu, yana kan igiya, kana ba shi lada duk lokacin da ya kalle su bai bi su ba. Kare mai tsoro yana cizon baƙo da ɗan maƙwabci, ba shi ne mai gadin kirki ba.

Idan ya fara fita, ƙiyasin da aka saba shi ne minti 5 ga kowane wata na shekarunsa, sau 2 a rana, bayan asuba da dab da magariba. Ka ɗora bayan hannunka a kan kwalta ko yashi na daƙiƙa 5, in ba ka iya jurewa ba, tafin ƙafarsa ma zai ƙone. In kun dawo ka duba tsakanin yatsunsa saboda ƙarangiya da tsidau, da cikin kunnuwa saboda kaska. Masu karatu da ke bakin Logon da Shari, irin su Kuseri da Bongor, su ƙara da hana kare cin ɗanyen kayan cikin kifi, domin tun 2012 ake samun kurkunu a jikin karnuka a Chadi.

In aka bi wannan, yawancin kwikwiyoyi suna gane wurinsu cikin sati 2 zuwa 3, amma ba a sakin jiki da su sai sun kai wata 5 ko 6, don haka ka gaya wa uwargida gaskiyar lokacin tun yanzu. Ɗigon fitsarin da yake yi in ya ga ka dawo ko in an sunkuya kansa na zumuɗi ne ko tsoro, tsawa tana ƙara shi, a daina kula shi na minti biyu bayan shigowa zai bari. Amma in yana tsuguno akai-akai yana ɗiga kaɗan, ko yana nishi, ko ka ga jini a fitsarin, ciwon mafitsara ne mai yiwuwa, sai likita. Amai tare da zawon jini da ƙin abinci kuwa ba a kwana da su, a kai shi a ranar.