Miƙe Hoton Kafin Ka Auna Gonarka

Wani matashi daga wajen Giwa a Jihar Kaduna ya rubuto: "Malam, bana mahaifina ya damƙa mini gonarmu ta masara. Na buɗe Google Earth a waya, na kwantar da hoton da yatsu biyu don in ga gonar sosai, na auna sau uku. Na farko ya ba ni hekta 1.6, na biyu 1.9, na uku ya haura 2. Da wanne zan sayi taki? Kuɗin hannuna kaɗan ne."

Ɗana, kada ka sayi taki da ko ɗaya. Kwantar da hoton nan da ka yi shi ne ya ɓata maka awo.

Hotunan taswira iri biyu ne. Akwai wanda tauraron ɗan'adam ke ɗauka daga sama, yadda shirwa ke kallon tsakar gida. Akwai kuma wanda jirgin sama ke ɗauka a karkace, wajen digiri 45, daga gabas da yamma da kudu da arewa, har ka ga bangon gini da ƙofarsa. Wannan na biyun biranen Amurka da Turai aka fi yi wa shi. Gonakinmu na farkon suke da shi, kuma idan ka kwantar da shi ba wani sabon hoto ka samu ba, wancan ɗin ne aka shimfiɗa maka kamar tabarma kana hangensa daga gefe. Bakin gonar da ke kusa da kai sai ya buɗe, na can nesa ya matse. Manhajar ba ta ɓata lissafi, yatsanka ne ke zamewa, kuma a can nesa zamewa kaɗan taku ne da yawa a ƙasa.

Ga misali. Gona mai mita 100 tsawo, 100 faɗi, hekta ɗaya ce cif. Idan ɗigonka ya fita waje da mita 5 ta kowane gefe, ta koma 110 sau 110, wato murabba'in mita 12,100. Shawarar da aka saba ba masu masara a yankinku ita ce buhu 8 na NPK 15:15:15 a hekta, sai yuriya buhu biyu da rabi daga baya. Ka ga zamewar yatsa kaɗai ta ɗora maka fiye da buhu ɗaya da rabi na NPK.

Sannan ga itatuwa. Ɗorawa mai tsayin mita 10, in aka kalle ta a digiri 45, takan ɓoye mita 10 na ƙasar da ke bayanta. Ko hoton sama ɗin ma yakan ɗan jirkice, shi ya sa kake ganin itace kamar ya jingina. In itace ne alamar iyakarku, gindinsa za ka nema, ba kansa ba. Gawo ya fi wahala a hoton rani, don lokacin ne yake cike da ganye.

Saboda haka miƙe hoton ya kalli ƙasa sak, ka matso da shi har ka riƙa ganin kunyoyi, ka bi iyaka kana ɗiga alama a duk inda ta lanƙwasa. Yi sau biyu. Bayan haka ka je gonar da igiya ko tef ka auna gefe ɗaya, ka gwada da abin da wayar ta ce.

Tunda mun shigo maganar awo, akwai abin da na gaji da maimaitawa. Eka daban, hekta daban. Eka murabba'in mita 4,047 ce, hekta 10,000, wato hekta ɗaya kusan eka biyu da rabi. Amma kullum sai na haɗu da wanda ya karanta jikin kwalbar maganin ciyawa ya ga lita kaza a hekta, ya je ya juye shi duka a eka ɗaya. Ya ninka magani sau biyu da rabi, ga tsada, ga ƙona shuka, sai ya dawo yana cewa an sayar masa da jabu. Wani kuma gwangwanin madara ne ma'auninsa a kowane famfon feshi, ko wane irin magani ne, don haka ya ga maƙwabcinsa na yi. Haba jama'a! Kuɗin taki ne fa kuke zubarwa. Gwajin bai kai rabin sa'a ba: auna fili mita 10 sau 10, cika famfon goyo da ruwa zalla, fesa da tafiyar da ka saba, ka ga lita nawa ta tafi, ka ninka sau 100. Idan lita 2 ce, hektarka na shan lita 200, wato goyo 10 na famfo mai lita 20. Sai ka raba abin da kwalba ta ce gida 10. In ta ce lita 4 a hekta, kowane goyo mililita 400 ke nan.

Wata baiwar Allah daga Funtuwa ta ce maƙwabcin gonar da ta gada yana cin iyaka kaɗan-kaɗan duk shekara, ko hoton taswira zai tsaya mata shaida? Hajiya, zai taimaka, amma ba shi zai yanke hukunci ba. Google Earth yana ajiye tsofaffin hotuna da kwanan watansu, kuma in layin gamba ko na aguwa ya fito a hoton shekarun baya, ki sa a buga miki shi a takarda. Sai dai hoton wata shekara yakan goce daga na wata da 'yan mitoci, kuma rigimar iyaka a kan 'yan mitocin nan ake yin ta. Ki fara da mai unguwa da dattawan da suka san gonar tun zamanin mahaifinki. In abin ya ƙi, sai mai awon ƙasa (safiyo) mai lasisi.

Wani ya tambaya ko zai iya gane tsutsar nan mai cin zuciyar masara ta hoton. A'a, hoton na iya zama na bara ko bara waccan, ka shiga gona da sassafe ka buɗa zuciyar shukar ka duba.

Na ƙarshe mai noman rani ne daga Kura. Ya kwantar da hoton ya ga gangaren gonarsa, yana so ya haƙa magudanar ruwa bisa lambobin tsayin ƙasa da manhajar ke nunawa. Alhaji, nan ne kallon karkace yake da amfani: za ka gane ina tudu, ina kwari, ta ina zaizaya ke shigowa, ka san yadda za ka gitta kunyoyinka. Amma kada ka kai fartanya bisa lambobin nan. A wurare da yawa tushensu awon da kumbon Amurka ya yi ne a shekarar 2000, inda kowane ɗigo ɗaya ya ɗauki fili mai faɗin kusan mita 30, kai kuwa bambancin taƙi ɗaya ya isa ya mayar maka da ruwa baya. Ka aro siririn tiyon nan mai garai-garai da magina ke daidaita gini da shi, ka cika shi da ruwa, ka kafa turaku duk bayan mita 10, ka yi musu alama daidai inda ruwan ya tsaya, sannan ka fara haƙa daga inda ruwan ban ruwanka ke fitowa.