Tambaya da Amsa: Za a Iya Ganin Aman Wutar Rana Daga Zariya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin sakandare ne a Tudun Wadan Zariya, kuma ma'abocin sauraron rediyo a gajeren zango. Tun shekarar 2024 nake yawan jin labarin rana ta yi aman wuta. Wani lokaci a ce walƙiya ce, wani lokaci a ce wani gajimare ne ya ɓalle daga jikinta ya nufo duniya. Ɗalibaina sun tambaye ni ko shi ya sa zafin bazara yake tsananta, na rasa amsar da zan ba su. Shin abu ɗaya ne ake kira da sunaye daban-daban? Kuma tunda hazon hunturu kan dusashe rana har ta zama kamar faranti, za mu iya ganin abin da idonmu daga nan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara basira. Zan fara da ƙarshen tambayarka, domin nan ne haɗari yake. Kada kai ko ɗalibanka ku ƙura wa rana ido, ko da hazo ya mayar da ita jan faranti a saman Kufena da yamma. Hazo yana rage hasken da ke sa mutum ya runtse ido, amma ba ya tare duk zafin da ke ƙona fatar da ke can cikin ido, kuma wannan fata ba ta jin ciwo, saboda haka ɓarnar takan auku mutum bai sani ba sai gani ya fara dishi-dishi. Baƙin tabarau, da gilashin da aka turara da hayaƙi, da tsohon fim ɗin hoton asibiti, da kallon rana a cikin ƙwaryar ruwa, babu ɗaya da yake kare ido. Abin da aka amince da shi shi ne tabarau na musamman mai lambar ISO 12312-2, ko gilashin masu walda mai lamba 14.

Abubuwan da kake ji kuwa guda uku ne, kodayake tushensu ɗaya, kuma sau da yawa tare suke tasowa. Tushen shi ne maganaɗisun rana. Rana ba dunƙulen dutse ba ce, iskar gas ce mai tsananin zafi mai ɗauke da cajin lantarki, kuma ba ta juyawa bai ɗaya: tsakiyarta takan kammala zagaye cikin kwana 25, kusa da ƙuryoyinta na arewa da kudu kuwa sai wajen kwana 35. Wannan bambanci yana murɗa layukan maganaɗisunta kamar yadda mai tufka yake murɗa igiya, har su ƙulle su ɓullo ta saman fuskarta. Inda suka ɓullo da ƙarfi sukan danne zafin da ke tasowa daga ciki, sai wurin ya sauka zuwa digiri 3,500 ko 4,000 alhali kewayensa yana kusan 5,500, ya bayyana baƙi. Shi ne tabon rana. Yawan tabon yana hawa da sauka kusan duk shekara 11. Zagayen da muke ciki, na 25 a lissafin masana, ya fara a Disambar 2019, kuma a Oktobar 2024 hukumomin NASA da NOAA na Amurka suka sanar da cewa ya shiga ƙololuwarsa. Wannan ne dalilin da labarin ya yawaita a kunnenka a daidai wannan lokaci.

Abu na farko shi ne walƙiyar rana, wadda take aukuwa idan igiyoyin nan da suka murɗe suka tsinke suka sake haɗuwa ta wata siga, sai ƙarfin da ya taru ya fita cikin mintuna a matsayin haske, musamman irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Tunda haske ne, nisan kilomita miliyan 150 da ke tsakaninmu da rana yakan cinye shi cikin minti 8 da daƙiƙa 20, don haka babu gargaɗi: lokacin da aka gan ta, ta riga ta iso. Taurarin ɗan'adam na GOES su ne ke auna ƙarfinta, ana kasa ta aji biyar, A, B, C, M da X, kowane aji ya ninka na ƙasa da shi sau goma, lambar da ke bin harafin kuma tana nuna ƙarfinta a cikin ajin. Wadda aka yi ranar 4 ga Nuwamba 2003 ta fi ƙarfin ma'aunin kansa, sai daga baya aka ƙiyasta ta a X28 ko sama da haka.

A nan ne rediyonka ya shigo, kuma ina ganin ka fi yawancin mutane kusanci da wannan ilimi ba tare da ka sani ba. Shirye-shiryen gajeren zango suna iso mana daga nesa ne saboda wani ɓangare na sararin sama mai caji, wanda ake kira ayonosfiya, yana maido da su ƙasa. Idan babbar walƙiya ta sauka a gefen duniya da ke fuskantar rana, sai matakin ƙasa na wannan ɓangare ya yi kauri ya shanye siginar maimakon ya bar ta ta wuce, tasha ta ɗauke ɗif na wasu mintuna ko fiye da awa guda. Ranar 3 ga Oktoba 2024 walƙiya mai ƙarfin X9.0 ta kai ƙololuwa da misalin ƙarfe 1:18 na rana agogon Nijeriya, Afirka tana tsakiyar hasken rana, kuma gajeren zango ya ɗauke a faɗin yankin. Wanda yake riƙe da rediyo a Zariya a wannan lokaci ya shaida walƙiyar rana da kunnensa. Da dare hakan ba ya faruwa, don haka idan tasha ta ɗauke bayan isha'i, a nemi dalilin a wani wuri.

Abu na biyu shi ne zaren rana, wanda ni a wurina ya fi sauran ban sha'awa. Gas ne mai ɗan sanyi da nauyi, zafinsa bai wuce digiri 10,000 ba, wanda maganaɗisu yake riƙe da shi a rataye cikin rawanin rana, wato siririn sararin da ke kewaye da ita inda zafi ya haura digiri miliyan ɗaya. Idan aka hango shi a kan fuskar rana sai ya zama kamar baƙin zare a kwance, idan kuma juyawar rana ta kai shi gefe sai ya bayyana kamar jan harshen wuta a miƙe. Abu ɗaya ne, bangon da ke bayansa ne ya sauya. Tsawonsa kan kai dubban ɗaruruwan kilomita, kuma yana iya zama makonni har watanni a natse. Ranar da madaurinsa ya kwance, sai ya fara ɗagawa a hankali, sannan ya zabura ya bar rana, a inda ya tashi kuma a ga layuka biyu masu haske suna nesanta da juna. Tauraron ɗan'adam na SDO, mai ɗaukar hotunan rana, ya ɗauki irin wannan tashi ranar 31 ga Agusta 2012, kuma hoton ya cancanci a nuna wa kowane ɗalibi.

Na uku shi ne wanda ya dace da sunan aman rana, masana na taƙaita shi da haruffan CME. Wannan ba haske ba ne, kaya ne: biliyoyin tan na gas mai caji tare da maganaɗisunsa, a guje cikin saurin kilomita 250 zuwa kusan 3,000 a daƙiƙa guda, sau da yawa da ragowar zaren da ya tashi a tsakiyarsa. Ka ɗauki bindigar maharbi: hasken bakinta kowa da ke kewaye zai gani nan take, amma harsashi sai wanda aka saita ne zai samu. Walƙiya ita ce hasken, aman kuwa harsashin. Yawancinsa yakan wuce ta gefe. Wanda ya nufo mu yakan iso cikin kwana ɗaya zuwa huɗu, mafi sauri kuwa ƙasa da awa 18, kamar na shekarar 1859, lokacin da Richard Carrington a Ingila ya ga farar walƙiya a kan tabon da yake zanawa ranar 1 ga Satumba, washegari kuma wayoyin tangaraho suka rikice a Turai da Amurka.

Ganin aman rana yana da wuya saboda hasken fuskar rana ya ninka na rawaninta kusan sau miliyan. Waɗanda suke Gusau ko Katsina ranar 29 ga Maris 2006, lokacin cikakken husufi, sun ga rawanin da idonsu na 'yan mintuna saboda wata ya rufe fuskar. Bafaranshe Bernard Lyot ya ƙirƙiro na'urar da ke yin husufin da gangan a farkon shekarun 1930, ta hanyar sa ɗan faifai ya tare rana a cikin madubin hangen nesa, amma sai a 1971 aka fara ganin aman rana sarai daga sararin samaniya. A yau tauraron SOHO, wanda aka harba a Disambar 1995, yana zaune kilomita miliyan 1.5 daga duniya ta ɓangaren rana yana wannan aiki. Idan ka ga gajimare ya fita ta gefe ɗaya na faifan, ya kauce mana. Idan ya bazu ya kewaye faifan kamar zobe, to ko dai mu ya nufo ko kuwa ya ba mu baya, sai a duba hotunan fuskar rana a ga ko an yi walƙiya ko tashin zare a ɓangaren da ke kallonmu. Ko bayan haka, tsananin abin da zai yi ba ya tabbata sai ya iso taurarin da ke gadi a yankin da SOHO yake zaune, waɗanda ke ba da gargaɗin minti 15 zuwa 60, domin sai maganaɗisunsa ya fuskanci kudu, kishiyar na duniya, sannan yake samun ƙofar shiga sosai.

Idan ya shiga, ɓarnarsa a kan na'urori take. Ranar 13 ga Maris 1989 lardin Kwibek na Kanada ya yi awa 9 babu lantarki. A Fabrairun 2022 kusan 40 daga cikin taurarin intanet na Starlink 49 da aka harba sun faɗo saboda iskar sama ta kumbura ta ja su. Guguwar 10 da 11 ga Mayu 2024, mafi ƙarfi tun 2003, ta rikita na'urorin GPS na motocin shuka a gonakin Amurka. Hasken sama mai launi da aka gani a ƙasashe da yawa a daren nan ba rabonmu ba ne, domin layin da ya raba maganaɗisun duniya gida biyu ya ratsa Nijeriya ba nisa da Zariya, wato muna can nesa da inda hasken ke sauka. Sai dai wannan matsayi ya ba mu namu abin nazari: wani kogin lantarki yana gudana da rana a sama da mu, wajen kilomita 100, wanda Farfesa Cyril Onwumechili ya shahara da bincikensa, kuma bayan faɗuwar rana sararin yankinmu yakan hargitsa siginar GPS.

Game da zafi, ka gaya wa ɗalibanka cewa ba daga nan yake ba. Jimillar ƙarfin da rana ke aiko mana yana sauyawa da kusan kashi ɗaya cikin dubu ne kawai daga farkon zagaye zuwa ƙololuwarsa, kuma hasken walƙiya mai cutarwa yana ƙarewa a sama, ba ya kaiwa ƙasa. Zafin Maris zuwa Mayu a Zariya ya samo asali ne daga rana da ke tsayawa kusan a tsakar ka, ƙasa a bushe, hazo ya janye, damina ba ta sauka ba, sannan ga ɗumamar yanayi da sare itatuwa suna ƙara masa.

Abin da za ku iya yi a makaranta yana da yawa, kuma ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Ku sami madubin hangen nesa mai ido biyu, ku rufe gefe ɗaya, ku ɗaure shi a kan wani abu tsayayye, ku bar hoton rana ya fita ta bayansa ya sauka a kan farar takarda cikin inuwa. Kowa takarda zai kalla. Kada a bar yaro ya kai idonsa bakin madubin ko na ƙiftawa ɗaya, kuma a riƙa rufe shi bayan ɗan lokaci don kada zafi ya lalata shi. Manyan tabo za su fito sarai. Wanda ya haifar da guguwar Mayun 2024 faɗinsa ya kai duniya 15 a jere. A zana su kullum a lokaci ɗaya, zai fi kyau da hantsi kafin iska ta ɗau zafi, ɗalibai za su ga tabo yana ratsa fuskar rana cikin kusan mako biyu, mai tsawon rai kuma ya sake leƙowa bayan kimanin kwana 27. Watannin kaka, bayan ruwa ya ɗauke kafin hazo ya yi kauri, su ne suka fi dacewa a nan. Zare da yawancin walƙiyoyi ba za su fito ta wannan hanya ba, sai da madubi na musamman mai tace jan hasken haidirojin, wanda yake da tsada, amma hotunan SDO da SOHO da ma'aunin GOES duk kyauta ne a intanet, wayar hannu ta isa.

Shawarata ita ce ku buɗe littafi ɗaya ku riƙa rubuta zanen tabon ranar, da lokacin da rediyo ya ɗauke idan ya ɗauke, da abin da ma'aunin GOES ya nuna a wannan sa'a, tare da tuna cewa agogon Nijeriya yana gaban agogon GMT, wanda ma'aunin yake amfani da shi, da awa ɗaya. Kada ku ɗauka lokaci ya wuce don ƙololuwa ta gota, domin manyan walƙiyoyi sukan zo a gangaren zagaye: ta Nuwambar 2003 ta zo ne bayan ƙololuwar zagaye na 23, kuma mafi ƙarfi a zagaye na 24 ta auku ne a Satumbar 2017, shekara uku bayan tasa ƙololuwar.