Tambayoyi da Amsoshi: Zubar Gashin Aku, Yaushe Ne Al'ada, Yaushe Ne Ciwo?

A wannan makon tambayoyin da suka iso daga masu kiwon aku a unguwannin Legas sun taru a kan abu guda, wato zubar gashi, don haka likitan dabbobi ya haɗa su wuri ɗaya ya amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina da aku mai ruwan toka da jar wutsiya, ya kai shekara huɗu a hannuna. Kusan wata guda ke nan kullum da safe sai na tarar da gashi a ƙasan kejinsa, ga wata farar ƙura, kuma a kansa akwai wasu abubuwa kamar tsinke. Yana cin abincinsa, yana surutunsa. Shin ciwo ne? Daga wata uwargida a Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Bisa abin da kika bayyana, akunki yana sake gashi ne, kuma wannan halitta ce da kowane tsuntsu yake yi. Gashin tsuntsu idan ya gama girma ba shi da sauran rai, ba ya gyaruwa idan ya tsufa ko ya kakkarye, shi ya sa jiki yake tura sabo daga ƙarƙashi har tsohon ya faɗi. Irin akunki yakan yi haka sau ɗaya ko sau biyu a shekara, a hankali, cikin makonni ko watanni, kuma idan kika lura za ki ga cewa gashin da ya faɗi daga fiffiken dama, ɗan'uwansa na hagu ma yakan biyo baya, domin kada tsuntsun ya kasa tashi. Abubuwan da kike gani kamar tsinke sababbin gashi ne a cikin kubensu, kuma kuben yana farfashewa da kansa. Farar ƙurar nan kuwa wasu ƙananan gashi ne na musamman suke fitar da ita, alamar lafiya ce ga wannan nau'in.

Ki ɗauki gashi ɗaya daga cikin waɗanda suka faɗi ki duba gindinsa. Idan cikakke ne, busasshe, ba jini, ba alamar tauna, sannan kuma ba ki ga fata tsirara a ko'ina a jikin tsuntsun ba, to hankalinki ya kwanta. Ki riƙa fesa masa ruwa mai tsabta da safe sau biyu ko uku a mako, ki ƙara masa ɗan dafaffen ƙwai da dafaffen wake, domin gina sabon gashi yana cin abinci mai gina jiki. Idan ya ɗan yi saurin fushi a wannan lokaci ki yi masa uzuri, domin sabon gashi yana da ciwo idan aka taɓa shi.

Tambaya: Likita, ni ɗan kasuwa ne a Mile 12. Tun da iyalina suka koma Kano, akuna ya fara rasa gashi a ƙirji da cinyoyi har fata ta bayyana, amma kansa lafiya lau. Ina fita da asuba, sai dare nake dawowa. Gyaɗa nake ba shi, ita ya fi so.

Amsa: Alhaji, maganar da ka yi cewa kansa lafiya lau ita ce ta ba ni amsar. Aku ba ya iya kai bakinsa ga kansa, saboda haka duk lokacin da aka ga ƙirji da cinya da ƙarƙashin fiffike sun fige amma kai yana cike da gashi, to tsuntsun ne da kansa yake tsige su. Wannan ya sha bamban da sake gashi, kuma ba ya wucewa don an zuba masa ido.

A daji wannan tsuntsu cikin garke yake rayuwa, yana yini yana shawagi da neman abinci da kiran 'yan'uwansa. A gidanka iyalinka ne garkensa, sai ga shi rana ɗaya gida ya yi tsit, an bar shi daga asuba zuwa dare ba mai yi masa magana, ba abin da zai tauna sai jikinsa. Kaɗaici yana cikin manyan dalilan wannan ɗabi'a, kuma aku mai ruwan toka yana cikin waɗanda aka fi ganinta a jikinsu, saboda kaifin basirarsa. Sai dai ba na son a ɗora komai a kan kaɗaici kafin likita ya duba shi, domin ciwon hanta da ciwon fata da ƙarancin abinci duk suna sa ƙaiƙayi ko zafi da zai sa tsuntsu ya far wa gashinsa.

Batun gyaɗa kuwa ya dame ni ƙwarai. Gyaɗa tana da mai da yawa, amma ba ta da isasshen bitamin A da kalshiyam, waɗanda su ne wannan nau'in ya fi saurin rasawa. Rashin bitamin A yana busar da fata ya lalata gashi, rashin kalshiyam kuma yana iya kai aku ga faɗuwa daga kan sandarsa yana karkarwa. Ga kuma laimar Legas, musamman da damina, wadda take sa gyaɗa ta yi fumfuna a cikin ɓawonta ba tare da an lura ba, fumfunar nan kuwa tana kawo guba ga hanta da ciwon huhu mai wuyar magani. Kai da kake cikin kasuwar kayan gwari, maganin yana gabanka kullum: karas, da gwanda, da mangwaro, da dafaffen dankalin Hausa, da kabewa, da alayyahu, da ganyen zogale, da ɗanyar masara, da kwakwar manja ɗaya ko biyu, wadda dama tana cikin abincinsa na daji. Kada ka janye gyaɗar lokaci guda, domin aku yana iya ƙin baƙon abinci har ya rame. Ka rage ta kaɗan-kaɗan cikin makonni, har ta koma tukuicin da ake ba shi da hannu. Fiya da cakulan da goro da shayi da abinci mai gishiri kada su kusance shi, fiya ma tana iya kashe shi.

Bayan abinci, ka duba inda kejin yake. Hayaƙin janareta da na maganin sauro na ƙonawa da turaren wuta da taba duk suna cutar da fata da numfashin tsuntsu, haka ma busasshiyar iskar na'urar sanyaya ɗaki. Yana bukatar barcin awa 10 zuwa 12 a cikin duhu, da hasken ranar safe kai tsaye, domin wanda ya ratso gilashin taga ba ya taimaka wa jiki wajen sarrafa kalshiyam, amma a bar masa gefen inuwa. Ka sa masa ɗanyen reshen gwaiba da aka wanke ya riƙa tauna, ka ɓoye masa abinci a cikin takarda ya sha wahalar fito da shi. Idan akwai maƙwabta amintattu da ke yini a gida, zamansa a cikinsu da rana ya fi zamansa shi kaɗai. Ina roƙonka kada ka daka masa tsawa idan ka gan shi yana tsigar, domin a wurinsa tsawar ma kulawa ce, sai ya ƙara. Gashi yakan dawo idan an gyara da wuri, amma wurin da aka daɗe ana tsigewa saiwarsa tana iya mutuwa har abada.

Tambaya: Na sayi ƙaramin aku a kasuwa wata biyu da suka wuce. Gashinsa yana fitowa a murɗe, gajeru, suna karyewa da jini a gindinsu, har a kansa, kuma jan gashi ya fito masa a baya. Ina da wani tsohon aku a gida. Daga wani matashi a Idi-Araba.

Amsa: Ɗana, tun kafin ka gama karanta wannan amsa ka raba su ɗaki, ka raba musu kwanon ci da na sha. Alamomin da ka lissafa suna kama da cutar baki da gashi, wadda ƙwayar bairas take kawowa, kuma ta fi kama tsuntsayen da ba su kai shekara 3 ba. Tana lalata gashi tun yana cikin kubensa, tana raunana garkuwar jiki, sau da yawa kuma farar ƙurar nan tana ɓacewa har a ga baki ya yi baƙi yana sheƙi. Jan gashi a wurin da ba nasa ba yana iya zuwa daga wasu dalilai, kamar ƙarancin abinci, don haka shi kaɗai bai isa hujja ba, gwajin jini ko na gashi ne yake tabbatarwa. Ka kai su duka biyun wurin likitan da ya san tsuntsaye, idan kuma aka bukaci ƙarin bincike akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Ibadan da Abeokuta. Gaskiyar da ya kamata ka sani ita ce har yanzu cutar ba ta da maganin da ke warkar da ita, abin da ake yi shi ne kula da abinci da tsabta da magance cututtukan da ke biyo baya. Tana yaɗuwa ta ƙurar gashi da kashi, ƙwayar kuma tana daɗewa a jikin keji da tufafi, saboda haka ka riƙa fara hidimar tsohon kafin ƙaramin, ka wanke hannu tsakaninsu. Ba ta kama mutum.

Duk sabon tsuntsu ya kamata a keɓe shi aƙalla kwana 30 kafin ya haɗu da na gida. Ka kuma sani cewa a taron CITES, wato yarjejeniyar ƙasashe kan cinikin namun daji da tsirrai, da aka yi a Johannesburg a 2016 an haramta cinikin aku mai ruwan toka da aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe, saboda yadda yawansa ya ragu. Waɗanda ake kamowa a cunkushe su cikin kwando ɗaya su ne suka fi zuwa da cuta.

Tambaya: An ce mini ƙuma ce take cin gashin tsiryata, in fesa mata fiya-fiya ko in shafa mata man kaɗanya. Daga wata ɗaliba a Obalende.

Amsa: 'Yata, kada ki yi ko ɗaya. Fiya-fiya guba ce da warinta kaɗai ya isa ya kashe ƙaramin tsuntsu, mai kuwa yana manne gashi ya hana shi tsare ɗumin jiki. Ƙuma ba ta cika zama dalili ba ga tsuntsun da ke cikin ɗaki, sai dai idan akwai kaji ko tantabaru kusa. Ki rufe kejin da farin ƙyalle da dare, da asuba ki duba shi, idan kin ga 'yan jajayen ɗigo suna motsi to akwai ta, sai likita ya auna nauyinta ya ba ta maganin da ya dace.

Tambaya: Akuna ya firgita da dare ya bugi keji, wani gashin fiffike ya karye yana ta zubar da jini. Me ya kamata na yi, kuma fiffiken da mai sayarwa ya yanke zai dawo? Daga wani malamin Islamiyya a Apapa.

Amsa: Malam, wanda ya karye sabon gashi ne da bai gama girma ba, irinsa akwai jijiyar jini a cikin sandarsa, shi ya sa take da duhu. Aku mai nauyin giram 400 zuwa 500 jinin jikinsa duka bai wuce mililita 40 zuwa 50 ba, don haka ba a wasa da ko cokali ɗaya. Idan haka ta sake faruwa, ka naɗe shi da tawul, ka barbaɗa garin masara ko fulawa a bakin karayar, ka danne a hankali da ƙyalle mai tsabta na 'yan mintuna ba tare da ɗagawa kana leƙawa ba. Idan jinin ya ƙi tsayawa, ko ya tsaya ya dawo, a garzaya da shi wurin likita a daren, domin wataƙila sai an zare gashin daga saiwa, kuma wannan ba aikin gida ba ne, ana iya karya ƙashin fiffike. Gashin da aka zare yakan tsiro cikin makonni, wanda aka yanke da almakashi kuwa yana nan a guntule har sai lokacin sake gashi ya zo, abin da kan ɗauki watanni ko ma shekara. Idan sababbin suka fara fitowa a tsakanin guntayen ba su da abin da zai kāre su daga bugu, saboda haka ka saukar da sandar kejin ƙasa-ƙasa, ka kuma bar ɗan ƙaramin haske a ɗakin da dare har su ƙosa.